Yadda Ake Raba Unguwanni Tsakanin Tsohuwar Firamare da Sabuwa a Birnin Katsina

Ranar buɗe sabuwar makarantar firamare ita ce ranar da kowa ke gani, domin gini ya sha fenti, an kafa rumfuna, manya sun zo sun yi jawabi. Aikin da zai sa ginin ya yi amfani kuwa, watanni kafin wannan rana ake yin sa, wato tantance unguwannin da 'ya'yansu za su koma sabuwar makarantar da waɗanda za su ci gaba da zama a tsohuwar. Inda aka yi sakaci da wannan aiki, ɗayan abu biyu ne ke faruwa. Ko dai iyaye su ƙi sakin makarantar da suka saba da ita, sabuwar ta zauna da azuzuwa a kulle alhali a can yara na zaune a ƙasa har gindin allo, ko kuma kowa ya ruga sabuwar saboda benci da rufin da ba ya yoyo, kafin a yi zango biyu ita ma ta cika ta batse. Bayanin da ke tafe an yi shi ne domin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma da hedimastoci da 'yan kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, da masu unguwanni, waɗanda su ne aikin ke faɗowa a kansu.

A Katsina lamarin yana da zafi saboda gari ya daɗe da tsallake ganuwa. Gidaje sun bazu bayan Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya da Ƙofar Marusa da sauran ƙofofi, har wasu unguwannin sun shiga ƙasar Batagarawa, ga kuma iyalan da rashin tsaro ya taso daga wajajen Batsari da Jibiya da Safana suka zauna a gefen gari da 'ya'yansu. Tsofaffin makarantun da ke kusa da ƙofofi su ne suka ɗauki wannan nauyi, su ne kuma sabuwar makaranta ke zuwa ta sauƙaƙa wa.

Kafin a ɗauki biro, ya kamata kowa ya fahimci matsayin iyakar da za a shata. Dokar Ilimin Bai-Ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9, wato 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne, ta kuma ɗora wa iyaye alhakin kai yaro makaranta. Saboda haka bai halatta iyaka ta zama dalilin da za a mayar da yaro gida ba. Sannan a al'adarmu uba yakan riƙe hannun ɗansa ya kai shi inda ya ga dama, hedimasta kuma ba ya neman takardar shaidar inda mutum yake zaune. Iyakar da za ta ɗore a irin wannan wuri ita ce wadda iyaye suka yarda da ita domin sun ga ribarta da idonsu. Duk da haka a fara da hukuma. Sakataren Ilimi ya rubuta wa Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta Jiha, wato SUBEB, ya bayyana makarantun da abin zai shafa, ya karɓi amincewa a rubuce, saboda sauya wa malamai wurin aiki da raba kayan aiki duk sai da hannun hukumar.

Ƙidaya kafin komai

A fara da ƙidaya azuzuwa kafin a ƙidaya yara, kuma a je a gani da ido, kada a dogara da abin da ke cikin fayil. Ajin da iskar farkon damina ta yaye wa kwano ba a gyara ba, da wanda aka mayar sito ko ofishin hedimasta, da wanda aka ware wa 'yan share fage, duk a fitar da su daga lissafi. A sabuwar makarantar ma a yi haka, domin sau da yawa ɗan kwangila yakan miƙa bulok biyu a kammale, na uku yana jiran tagogi. A rubuta yawan ban-ɗakin da ke aiki, na maza daban na mata daban, a duba ko akwai ruwa da katanga. Malamai kuma a ƙidaya waɗanda ke riƙe alli a gaban aji kowace rana, ban da waɗanda sunansu ke takardar albashi amma suna ƙaro karatu ko an ba da aronsu wani ofis.

Daga nan sai ɗalibai. Rajista a makarantunmu takan ɗauki sunayen da masu su suka daɗe da barin gari, musamman waɗanda aka rubuta a shekarun da ake ciyar da 'yan aji 1 zuwa 3, lokacin da yara da yawa suka shigo sannan suka janye da abincin ya tsaya. Don haka a haɗa rajista da ƙirgen kai a cikin aji, a yi shi a ranaku daban-daban ba tare da sanarwa ba, a kauce wa Juma'a da makon farko na dawowa hutu. Idan rajista ta ce 95 ƙirgen kai ya ce 70, a zauna da malamin aji a bi sauran 25 ɗaya bayan ɗaya, a ware wanda ya bar garin da wanda ke fashi. Mai fashi yana cikin lissafi, domin da yawansu nisa ne ke hana su zuwa, kuma su ne za su fara dawowa idan makaranta ta matso.

Mafi muhimmanci a duk ƙidayar shi ne sanin inda kowane yaro yake kwana. A bai wa kowane malamin aji takarda mai gurabe: sunan yaro, ajinsa, unguwarsu, sunan mai unguwarsu, wata alama da ke kusa da gidansu, da sunayen 'yan gidansu da ke makarantar. Gurbin mai unguwa shi ne ya fi amfani, saboda yawancin gidaje ba su da lamba, sunan unguwa ɗaya kuma yakan rufe wuri mai faɗin gaske. Alamar kuwa irin wadda yara suka sani ake so, kamar masallacin layi ko injin niƙa ko rijiyar burtsatse ko shagon mai cajin waya. Ɗan aji 1 ba zai iya kwatanta gidansu ba, sai dai ya nuna da hannu ya ce can ne, don haka a kira yayansa ko maƙwabcin da suke tahowa tare. A kula da yaran da ke hannun kaka ko gwaggo: gidan da yaro ke tashi da safe shi za a rubuta, ko da mahaifinsa yana wata unguwa.

Saura yaran da ba sa cikin kowace rajista, waɗanda su ne ke rushe lissafin mafi yawan kwamitoci. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya a 2006 aka yi ta, unguwannin da ake magana a kansu kuma da yawa gonaki ne a lokacin, saboda haka ba za ta taimaka ba. Waɗanda suka san yawan ƙananan yara gida-gida su ne ma'aikatan lafiya na mazaɓa, wato masu allurar rigakafi da masu raba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda ake bai wa 'yan wata 3 zuwa wata 59 a watannin damina. A nemi shugaban asibitin mazaɓa ya ba da jimillar yara unguwa-unguwa, adadi kawai ban da sunaye. 'Yan shekara 3 zuwa 5 na yau su ne 'yan aji 1 na shekaru uku masu zuwa. A haɗa wannan da abin da masu unguwanni suka sani game da yaran da suka isa shiga makaranta ba su shiga ba. A kuma zagaya a duba fulotai: layin da yawancin gine-ginensa suka kai linta, kafin shekara biyu ya cika da iyali.

Ga misali na lissafi, da adadin da aka ƙaga domin bayani kawai. A ce tsohuwar makaranta ta farko tana da azuzuwa 18 da ɗalibai 1,620, wato 90 a aji, ta biyu tana da azuzuwa 12 da ɗalibai 900, wato 75 a aji, sabuwar kuma azuzuwa 12 ne. Jimilla azuzuwa 42 da ɗalibai 2,520, ya kama 60 a kowane aji. Wanda ya tsaya a nan zai ce a kwaso 540 daga ta farko da 180 daga ta biyu, sabuwar ta samu 720. To amma idan ƙidayar unguwanni ta nuna akwai yara 240 a kewayen sabuwar makarantar da ba sa zuwa ko'ina, ranar da aka buɗe ƙofa za su shigo, sai sabuwar ta tashi da 960, wato 80 a aji, ta fi waɗanda aka zo ragewa cunkoso. Daidai shi ne a sa su cikin jimilla tun farko: 2,760 a raba wa azuzuwa 42, ya kama kusan 66. Sai a ɗauko 432 daga ta farko da 108 daga ta biyu, ta farko ta rage da 1,188, ta biyu da 792, sabuwar ta tsaya a 780.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. A misalin nan, kafin a kai wannan mizani sai an samu azuzuwa 79, ga shi 42 ne a ƙasa. Ya kyautu kwamitin da ke shata iyakar ya faɗi haka a fili a rahotonsa da kuma gaban iyaye, kada a yi musu alkawarin abin da sabon gini ɗaya ba zai iya ba.

Taswira da tafiyar ƙafa

A buga hoton yankin daga Google Maps a babbar takarda, in ba hali a zana shi a kwali, a nuna manyan tituna da masallatai da makarantun uku. A yanka yankin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ƙasar mai unguwa ɗaya ko rabinta, a rubuta a kanta yawan ɗaliban da ke ciki da yawan masu tasowa. Aikin shata iyaka daga nan shi ne tura gunduwa zuwa wannan makaranta ko waccan har adadi ya kusanci abin da lissafi ya bayar. A fara da gunduwoyin da ba gardama a kansu, waɗanda ke jikin katangar kowace makaranta, a bar na tsakiya zuwa ƙarshe. Kada layi ya bi tsakiyar ƙaramin lungu ya raba gidajen da ke kallon juna, saboda yaran lungu ɗaya tare suke tafiya, manyan na riƙe da ƙananan. A cikin unguwa layi ya bi ta bayan gidaje, a babban titi kuwa ya bi kwalta.

Za a samu masu cewa a bi iyakar mazaɓa kawai a huta. Ƙaramar hukumar Katsina mazaɓu 12 gare ta, an kuma shata su ne domin zaɓe, ba wanda ya auna su da ƙafar ɗan shekara 6. Yakan yiwu makaranta tana bakin iyakar mazaɓarta, yaran da suka fi kusa da ita 'yan wata mazaɓa ne. Kansila yana da haƙƙin a saurare shi, amma idan ya ce makarantar ta mutanensa ce su kaɗai, a nuna masa taswira. Haka abin yake a iyakar ƙananan hukumomi. Inda gidan yaro yake ƙasar Batagarawa makarantar da ke kusa da shi kuma tana ƙasar Katsina, sakatarorin ilimi biyu su zauna su yi yarjejeniya a rubuce da sanin SUBEB, domin a lissafa waɗannan yara wurin rabon malamai da littattafai.

Bayan an ja layi da fensir, sai a fita a taka shi, gani ya kori ji. Daga gidan da ya fi nisa a kowace gunduwa, mutum biyu daga cikin kwamiti su tashi da misalin ƙarfe 7 na safe a ranar makaranta, su bi yara a baya, su bi hanyar da yaran ke bi, wadda sau da yawa ta saɓa wa wadda babba zai zaɓa. A auna lokaci da tafiyar ƙaramin cikinsu, mai tsayawa ya gyara silifas ko ya kalli tumaki. Shawarata ita ce kada tafiyar ɗan firamare ta wuce kilomita 2, ga 'yan aji 1 da 2 kuma kilomita 1 ya fi dacewa. A tuna cewa tafiyar safe ita ce mai sauƙi. Komawa gida da tsakar rana ake yi, a watan Afrilu kuma zafin Katsina yakan kai digiri 40, yaro bai ci komai ba tun kokon safe.

Abin da tafiyar ƙafa ke tonawa wanda taswira ke ɓoyewa shi ne haɗari. Titi mai hannu biyu da manyan motoci ke bi, bakin tasha inda babura da keke napep ke juyawa, tsakiyar kasuwa, kududdufin da aka haƙa domin ƙasar gini, da magudanar ruwan da ba ta da kwalbati, kowannensu ya isa ya sa a karkatar da layi. Wanda ya taka hanya da rani zai ga busasshen rami da yara ke tsallakewa da gudu, bai san a watan Agusta ruwa yakan kai ƙugun babba a wurin ba, don haka a tambayi matan gidajen da ke kusa, su suka san ranakun da suke hana yara fita. A ganina duk inda adadi da haɗari suka yi karo, adadi ne zai ja da baya. Gara aji ya kai 72 a makaranta ɗaya ya tsaya 60 a ɗayar, da a tilasta wa ɗan shekara 6 tsallaka titin da babba ma sai ya tsaya ya duba sau biyu. Idan tsallakawar ba makawa, a tanadi mai tsallakar da yara safe da rana kafin ranar buɗewa, a kuma rubuta wanda zai riƙa biyansa.

Hanyar 'ya'ya mata tana bukatar dubawa ta musamman, domin a gidaje da yawa hanyar ce ke yanke hukuncin ko yarinya za ta ƙarasa aji 6. Kangon gini da ba kowa, majalisar samari a bakin lungu, fili mai faɗi da ba gidaje, duk abubuwa ne da uwa ke lissafawa ko da ba ta faɗa a taro ba. Akwai kuma batun Islamiyya. Yawancin yaran nan suna da karatun yamma, kuma iyakar da za ta sa yaro ya iso gida a makare, ya rasa lokacin cin abinci da sallar azahar kafin ya wuce Islamiyya, iyaye za su karya ta ba tare da sun yi gardama da kowa ba.

Wani abin lura shi ne kada layi ya tattara masu hali a makaranta ɗaya, ya bar ɗayar da 'yan gudun hijira da masu ƙaramin ƙarfi zalla. Makarantar da ke da iyayen da za su iya gyara famfo, ko su shiga ofis su yi magana a saurare su, ita ce ke samun gyara da wuri. Ba a cewa a ɗora wa yaro doguwar tafiya saboda wannan, amma inda layi biyu suka yi kunnen doki wajen nisa da aminci, a zaɓi wanda ya cakuɗa jama'a. A ƙarshe kwamiti ya fito da zaɓi biyu ko uku, kowanne da adadinsa da tafiyarsa mafi tsawo da haɗarin da ke cikinsa.

Wa zai tashi, wa zai zauna

Ba duk yaron da gidansu ya faɗo cikin sabuwar iyaka ne zai tashi ba. 'Yan aji 6 su ƙarasa inda suke, domin suna gab da jarrabawar shiga ƙaramar sakandare, malamansu kuma sun san su. 'Yan aji 5 a bar wa iyaye zaɓi. Daga aji 1 zuwa 4 ne ake tashi, sababbin shiga kuma kai tsaye sabuwar iyaka za su bi. Wannan yana nufin a shekarar farko sauƙin da tsohuwar makaranta za ta samu bai kai abin da lissafi ya nuna ba, sabuwar kuma za ta samu rarar azuzuwa, waɗanda za a iya amfani da su a rage cunkoson aji 1. Sai matsalar 'yan gida ɗaya: idan yaya tana aji 6 ƙaninta yana aji 1 kuma ita ke kai shi, a bar su tare na shekara guda, ko a samo wa ƙaramin abokan tafiya a lungunsu da yardar uwarsa. Yaro mai lalurar ƙafa ko ta gani a bar shi a makarantar da ta fi masa sauƙin isa, ko layi ya ce me.

Duk wannan aiki zai tashi a banza idan yara suka koma malamai ba su bi su ba. Iyaye sun san malaman da ke koyarwa da gaske, suna kuma kallon inda za a kai su. Idan aka bar ƙwararrun a tsohuwar makaranta, aka cika sabuwar da 'yan sa-kai da ɗaliban koyon aikin malanta, to an gaya wa kowa inda zai kai ɗansa. A raba malamai daidai da rabon ɗalibai, a tabbata cikin masu komawa akwai waɗanda suka daɗe a aji 1 da 2, akwai na lissafi da na Turanci da na addini, akwai kuma malamai mata. A duba inda malaman suke zaune, domin wanda aka matso da shi kusa da gida zai karɓi canjin da murna. Hedimastan sabuwar makarantar a naɗa shi zango guda kafin buɗewa, ya shiga kwamiti, ya taka hanyoyin da ƙafarsa, iyaye su san fuskarsa. Littattafan karatu su ma su bi yara bisa adadi, a rubuta abin da aka ɗauka hedimastocin biyu su sa hannu.

Shawara da sanarwa

Shawara ɗaukar ɗaki ce, kuma tana da tsari a garin da ke da sarauta. A fara kai maganar ga hakimi, daga nan ta sauko ga masu unguwanni da limamai, sannan kwamitocin SBMC da ƙungiyoyin iyaye da malamai na tsofaffin makarantun, kafin a kira babban taro. Mai unguwar da ya fara jin labari a bakin mutanensa ba zai tsaya wa tsarin ba. A babban taro a kafe zaɓuɓɓukan a bango, a karanta adadin da Hausa, a kira sunayen malaman da za su koma. Kada a zo da taswirar da aka riga aka buga wa hatimi a ce ana neman shawara, mutane suna ganewa. A shigo da niyyar cewa gunduwa ɗaya ko biyu za su iya sauya wuri saboda abin da aka ji.

Taron da ake yi a filin makaranta maza ne ke cika shi, alhali masu shirya yara da safe suna cikin gida. A yi wa mata nasu zaman, a Islamiyyar matan aure ko a gidan mai unguwa, wata malama da suka sani ta jagoranta, ta kawo wa kwamiti abin da suka faɗa a rubuce.

Ƙorafin da za a ji kusan iri ɗaya ne ko'ina. Wani dattijo zai miƙe ya ce wa Sakatare, ranka ya daɗe, shi a wannan makaranta ya yi, 'ya'yansa a nan suka yi, bai ga dalilin da za a kai jikansa bayan gari ba. Irin wannan ba a amsa masa da doka. A gode masa, a gaya masa yawan yaran da ke ajin jikan nasa yau da yawan da za su kasance a can, a kira sunan malamin da zai koyar da shi, a roƙe shi ya je ya ga wurin tare da mai unguwa. Wani zai ce ba kuɗin sabon yunifom. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, maganinsa kuma mai sauƙi ne: a yarda yara su ci gaba da sa tsohon har ya tsufa, a kuma hana karɓar ko sisi da sunan kuɗin canji. Masu neman a bar 'ya'yansu a inda suke kuwa, a rubuta sharuɗɗan tun farko, kamar lalura ko zama ɗan gida ɗaya da ɗan aji 6, ƙaramin kwamiti ya duba kowace bukata a fili. Ranar da aka bar ɗan wani saboda takardar da wani babba ya aiko, washegari hedimasta ba shi da bakin hana kowa.

Game da lokaci, tunda shekarar karatu a Satumba take farawa, a yi ƙidaya da tafiyar ƙafa a zango na biyu, a yi shawara a farkon zango na uku, a sanar da matsaya kafin a tafi dogon hutu. Sanarwar ta bi ta masallatai da bakin mai shela da rediyo, a kuma manna jerin unguwanni a ƙofar kowace makaranta da boko da ajami. Kowane yaron da zai tashi a haɗa masa takardar canji da takardar sakamakonsa, a rubuta sunan sabuwar makarantar da ajin da zai shiga da ranar komawa.

Wuri mafi haɗari a duk aikin shi ne makonni biyun farko bayan buɗewa. Tsohuwar makaranta ta soke sunan yaro, sabuwar ba ta san fuskarsa ba, idan bai zo ba babu malamin da zai lura, kuma ta wannan kafa ce yarinya 'yar aji 4 ke komawa talla ba a sake ganinta a aji ba. Maganin wannan shi ne jerin sunayen masu tashi ya zama kwafi uku, ɗaya a tsohuwar makaranta, ɗaya a sabuwar, ɗaya a ofishin Sakatare, kuma kada a soke suna a tsohuwar rajista sai sabon hedimasta ya sa hannu cewa yaron ya iso. Kowace Alhamis a fitar da sunayen waɗanda ba a gani ba, a raba su bisa masu unguwanni, 'yan SBMC maza da mata su bi gida-gida su ji dalili. Yaron da ya koma tsohuwar makarantarsa da kansa kada a kore shi daga aji, a bar shi ya zauna a kira mahaifinsa a yi magana.

A ƙarshen zangon farko a sake ƙirgen kai a makarantun uku a gwada da lissafin farko. Idan bambancin bai wuce yara 5 ko 6 a aji ba, a bar shi haka. Idan wata gunduwa gaba ɗaya ta ƙi tashi, a koma a taka hanyarta, galibi akwai abin da kwamiti bai gani ba. Ban da irin wannan gyara, a bar iyakar ta yi shekara 3 kafin a sake taɓa ta, domin iyaye su san inda ƙannen za su shiga. Idan kuma kafin lokacin sabuwar makarantar ta cika saboda fulotan nan sun zama gidaje, matsar da layi ba zai ƙara ko benci ɗaya ba. Sai Sakatare ya ɗauki taswirar da adadin gunduwa-gunduwa ya kai SUBEB, domin a sa ƙarin azuzuwa ko wata makarantar cikin tsarin ayyukan da jiha ke miƙa wa Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta Ƙasa, wato UBEC, wadda doka ta ware wa kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, take kuma sakin kuɗin gini idan jiha ta zuba nata kason.